Tuffar Carmelo da Ƙurun Elsie

A gidan Carmelo Mangano, wanda ke tsakiyar gonarsa ta tuffa a bayan garin Stanthorpe, abincin ranar Lahadi ba gayyata ba ne, umarni ne. Da an taso daga coci, matarsa Rosaria za ta jera taliya da miyar tumatir da gasasshen rago a kan dogon teburi, maigida ya zauna a kai ya yi magana, sauran jama'a su saurara. A wannan Lahadi ta farkon kaka, kujerar da ke hannun damansa ta Marnie Tulloch ce, yarinyar da Dario, ɗansa tilo, zai aura da zarar an gama tsinkar tuffa.

Marnie tana aiki a kantin magani a cikin gari, amma ranar Asabar ba ta kowa ba ce sai ta yara. Akwai wata makiyaya a bakin rafi inda ake ɗora yara masu larurar jiki a kan ƙananan dawakai, wato ƙuru, domin tafiyar dabbar da ɗumin jikinta su sassauta musu gaɓoɓi. A can take aikin sa kai tun tana makarantar sakandare. Aikinta shi ne tafiya a gefen ƙuru, hannunta a kan cinyar yaron da ke bisa, ba ta saki ko da sama za ta faɗo. Wadda take riƙewa kuwa ita ce Elsie, yarinya 'yar shekara bakwai da aka haifa da sandararrun ƙafafu. Ƙuru ɗaya ne kaɗai jikin Elsie ya yarda da shi, wani ja mai siririn gadon baya da ake kira Wattle.

Carmelo yana son Marnie ƙwarai, kuma yadda yake nuna ƙaunarsa shi ne ta zolaya. Ya nuna ta da cokali mai yatsu ya ce wa ɗansa, "Ga kyau, ga hankali, amma ta zaɓi kwasar kashin doki kyauta. Dario, ka sa likita ya duba mata kai kafin ku je gaban Fada a coci."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Daga nan ya gyara zama, ya ɗauki muryar da yake ɗauka idan zai yi abin alheri. Ya ce ruwan ƙanƙarar da aka yi a watan jiya ya ɓata masa tuffa mai yawa; ga ta da zaƙi kamar zuma, amma duk tabo, babu kantin da zai karɓa. Shi kuwa ubansa bai koya masa zubar da abinci ba. Saboda haka ya yanke shawara: kyauta ce ga dawakan surukarsa, mota guda.

Marnie kuwa ta san haɗarin wannan kyauta. Abu na farko da ake koya wa duk wanda ya shiga waccan makiyaya shi ne cewa ƙuru ba ya sanin ƙoshi, kuma zaƙi mai yawa yakan sauka masa a kofato ya gurgunta shi. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ji hannun Rosaria ya matse nata a ƙarƙashin teburi. Ta dubi Dario, ya girgiza kai kaɗan. Mu da muka zauna da waɗannan gidaje na 'yan asalin tsibirin Sisili mun sani, a wurinsu mai mayar da kyauta da mai marin fuska duk ɗaya ne. Yarinyar ta yi lissafi cikin sauri, irin lissafin da kunya ke yi wa mutum: za ta karɓa, ranar Asabar Dario ya loda, su karkatar da motar zuwa wurin wani mai kiwon aladu, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Ta ce, "Na gode, Mista Mangano."

Sai dai zumuɗin mai kyauta bai jira Asabar ba. A tsakiyar mako, da rana tsaka, lokacin da babu kowa a makiyayar, Carmelo ya loda akori-kurarsa da kansa, ya ja da baya har jikin shinge, ya juye tuffar a ciki, ya tsaya yana murmushi yana kallon dawakai suna rige-rige. Ya koma gida yana waƙa.

Da safiyar Juma'a Glenys, dattijuwar da ke shugabantar wurin, ta kira Marnie a waya ta ce ta zo yanzu. Marnie ta tarar da Wattle a tsaye ya miƙe ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya kamar mai gudun taka garwashi, gumi na zuba daga wuyansa. Ta taɓa kofaton, zafi kamar an ciro daga tanda. Sauran dawakan sun ɗan yi ciwon ciki ne kawai, domin Wattle, da yake shi ne mai faɗa a ji a garken, ya kore su ya ci rabon kowa. Likitan dabbobi ya ce kumburi ne a cikin kofato. A tsoma ƙafafun a ruwan sanyi ba dare ba rana, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Bai ɓoye musu ba cewa idan ƙashin cikin kofaton ya goce sosai, jinƙan da ya rage shi ne allurar da za ta kashe shi ya huta.

Glenys ta ɗauko ragowar tuffa ɗaya daga ciyawa, ta juya ta, ta dubi tabon ƙanƙarar. Gonakin da ƙanƙara ta buga a bana suna da yawa, saboda haka tabon bai faɗi sunan kowa ba. Ta tambayi Marnie ko ta san wani abu. Marnie ta ce an yi mata tayin kyauta, ta karɓa, ba ta hana ba, ba ta kuma sanar da kowa ba. Laifin nata ne. Da aka tambaye ta wane ne mai kyautar, ta sunkuyar da kai ta ce wanda ya kawo bai san illar ba, ita ce ta sani. Glenys ta ajiye tuffar. Daga bisani ta ce dokar kwamiti ba ta bar mata zaɓi ba: Marnie ba za ta ƙara riƙe yaro ba har sai an zauna a kan maganar, amma idan tana so ta yi jinyar dabbar, ga bokiti nan.

Dario ya zo da yamma da buhunan ƙanƙara daga ɗakin sanyin gonarsu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya kawo saƙon mahaifiyarsa: don girman Allah kada tsohon ya ji. Zuciyarsa ba ta da ƙwari tun bara, ga tsinka ta kankama, ga shi mutum ne da sunansa ya fi masa ransa. A bar shi cikin rashin sani, a yi biki, komai ya wuce. Marnie tana durƙushe a cikin ruwa, hannuwanta sun yi fari don sanyi, ta ce to. Ba ta ga abin da faɗar za ta gyara ba.

Lahadi ta zagayo, aka zauna a teburi. Marnie ta zo ta zauna a kujerarta. Carmelo kuwa yana cikin nishaɗi; ya tambaye ta ko dawakan sun aiko da godiya, ya kwaikwayi yadda jan nan ya riƙa ture 'yan'uwansa, ya ce wannan kam ɗan Sisili ne irinsa, ya san abin daɗi. Sa'an nan ya ɗaga kofinsa ya sanar da cewa sauran tuffar tana nan jibge, kuma a wannan makon zai kai ninki biyu domin ƙananan ma su samu.

Ƙafar Rosaria ta taka ta Marnie. Dario ya ƙura wa farantinsa ido. Marnie ta tuna sauran dawakan, ta tuna yaran da ke jiran Asabar, ta ga cewa shirun da ta yi sau ɗaya ya kwantar da dabba ɗaya, na biyu zai kwantar da garke.

Ta ce, "Mista Mangano, don Allah kada ka kai. Tuffar ce ta kwantar da Wattle. Yana can ba ya iya takawa, kuma likita bai tabbata zai tashi ba."

Carmelo ya ajiye kofin a hankali.

Ya ce, "Tun kafin a haifi uwarki nake noman tuffa. Jarirai sun ci, Fada ya ci, marasa lafiya a asibiti sun ci. Yau a kan teburina, da taliyar matata a gabanki, za ki ce mini guba nake nomawa?"

Dario ya ce, "Papa, ba haka ta ce ba."

"Rufe mini baki, ɗan maraƙi." Ya juya ga Marnie. "Kin ce kin gode. Da kunnena na ji. In kin san haka ne, me ya ɗaure miki harshe? Ko kuwa kun kashe dokinku da sakaci, kuna neman tsohon da za ku rataya wa?"

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma Marnie ta san haka. Hawaye ya zubo mata. Carmelo ya miƙe ya ce wadda ta iya yi masa murmushi alhali tana ɗauke da magana a ciki ba za ta zauna a teburinsa ba, kuma rumfar shirya tuffa da aka yi niyyar ƙawatawa don biki, a bar ta yadda take. Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Rosaria ta raka Marnie har mota tana kuka, tana cewa, "'Yata, da kin ƙyale ni, ai da na ɓoye makullin motar. Tun da na aure shi haka nake yi da shi."

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Marnie nauyi. Dario bai janye ba, bai kuma iya matsowa ba. Shi kaɗai ne ɗa; masu tsinka sun cika gona, ubansa ba ya iya hawa tsani, kuma duk ranar da ya ambaci sunan Marnie sai tsohon ya dafe ƙirji, Rosaria ta ruga neman magani. Yakan sato jiki da sassafe ya kawo mata garin katako don shimfiɗa wa Wattle. Wata rana ya ce ko su tafi birnin Brisbane su ɗaura aurensu a ofis, duk abin da zai faru ya faru. Ta dube shi, ta ga idanunsa ba su yarda da abin da bakinsa ya faɗa ba. Ta ce ba za ta shiga gidan da ta raba ɗa da ubansa ba, kuma ba za ta so ranar da tsohon ya faɗi a ce ita ce sanadi ba. Ta ce su jira. Ya tambaye ta su jira me, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ta riƙa zuwa barga kafin aiki da bayan aiki. Ta jiƙa busasshiyar ciyawa don zaƙinta ya fita, ta auna magani, ta gyara shimfiɗa, ta zauna kusa da Wattle idan ya kwanta yana nishi. Wata rana ya taka biyu, washegari ya kasa. Likita ya zo ya tafi yana taɓe baki. A gari kuwa magana ta bazu, kuma kamar yadda maganar gari take, ta ƙara kitse a hanya: wai yarinyar kantin magani ce ta ɗura wa dokin yaran nan tuffa da hannunta. Wasu suka daina gaishe ta a kanti. Kalma ɗaya za ta wanke ta, kuma kalmar tana kan harshenta kullum. Amma ta san ranar da ta furta sunan Carmelo a gari, ranar ce ta rufe ƙofar gidansu Dario har abada, ta kuma tozarta dattijon da bai yi nufin komai ba sai alheri.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranakun Asabar. Daga ƙofar barga take hango fili. Aka gwada ɗora Elsie a kan wani ƙuru mai faɗin baya. Ƙafafunta suka ƙi buɗuwa, ta yi ta ihu har aka sauke ta. Aka sake gwadawa a mako na gaba, haka. Ƙafafun da aka sha wahala kafin su saki suka fara komawa yadda suke. Wata Asabar yarinyar ta turo kekenta na guragu har bakin barga, ta leƙa ta ga Wattle a kwance.

Ta ce, "Marnie, wai ke kika sa masa ciwo? A makaranta an ce ke ce."

Marnie ta durƙusa daidai tsayinta. Ta ce, "Da laifina a ciki, Elsie. Akwai maganar da ya kamata in faɗa da wuri, na ji kunya ban faɗa ba."

Elsie ta ce a miƙo mata buroshi. Ta taje gashin goshin Wattle iya inda hannunta ya kai, Marnie kuwa ta juya fuska bango don kada yarinyar ta ga halin da take ciki.

Ana dab da gama tsinka, Carmelo ya shiga gari sayen kayan gona. Mai shagon, tsohon abokinsa ne mai yawan surutu, ya dafa masa kafaɗa ya ce ya auna arziki, Allah ya tsamo ɗansa daga hannun yarinyar da ta gurgunta dokin yara marasa lafiya. Carmelo ya ɗaure fuska ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ita yarinyar daga ina ta ce tuffar ta fito. Mai shago ya yi dariya ya ce ai nan ne abin ya tsaya: kwamiti ya titsiye ta, iyayen yara sun titsiye ta, an hana ta aikin da take so kamar ranta, amma ta ƙi ambaton kowa, shi ya sa duk gari ya tabbata aikinta ne.

Carmelo ya kasance yana zaton tun ranar da ya kore ta sunansa ke yawo a bakin mutane, shi ya sa ma ya ƙaurace wa gari. Ya fita ya bar kayan a kan kanta, ya zauna a mota ya daɗe bai tayar ba.

Ranar Asabar, ana tsakiyar darasi, iyaye sun jeru a jikin shinge, sai ga Carmelo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, hula a hannu, Dario da Rosaria na biye da shi daga nesa. Bai gaisa da kowa ba ya nufi barga. Ya ga Wattle ya rame, yana tsaye da ƙyar a kan garin katako. Ya ga Elsie a kekenta da buroshi. Ya ga Marnie, ita ma ta rame, tana matse jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya miƙa hannu zai taɓa dabbar, ya fasa.

Ya fito fili inda Glenys da iyaye suke. Mutumin da muryarsa ke cika ɗaki, yau sai da aka matso kafin a ji shi.

Ya ce, "Tuffar tawa ce. Motar tawa ce. Ni na juye ta da hannuna, ban tambayi kowa ba. Yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya a gidana na kore ta, kuma ta rufa mini asiri ku kuna zaginta. In akwai zagi, ga mai shi nan."

Babu wanda ya zage shi. Glenys ta ce ta ji, kuma kwamiti zai ji. Carmelo ya koma barga ya tsaya a gaban Marnie yana murza bakin hularsa.

Ya ce, "'Yata, me dabbar nan take buƙata? Faɗa mini. Ba zan kawo komai ba sai abin da kika ce."

Marnie ta fashe da kuka. Rosaria ta rungume ta tana kuka fiye da ita, Dario kuwa ya tsaya yana share ido da bayan hannu, har ubansa ya daka masa harara ya ce ya daina tsayuwa kamar turke ya karɓi bokitin daga hannun Marnie.

Ba zan yaudari mai karatu in ce komai ya koma daidai ba. Wattle ya rayu, amma bai ƙara ɗaukar yaro ba. Ya ƙare kwanakinsa a wani fili maras ciyawa mai yawa, yara na taje shi. Sai da aka shiga hunturu kafin a samo wani ƙuru mai siririn baya daga wajen Tenterfield, Carmelo ne ya yi ta yawo da Glenys gona-gona har aka dace, kuma Elsie ta sha wuya kafin ƙafafunta su dawo inda suka tsaya. Ranar da aka sake ɗora ta, hannun Marnie ne a kan cinyarta. An ɗaura auren a cikin sanyin watan Yuli, wanda a can shi ne tsakiyar hunturu, coci ya cika, kuma waɗanda suka daina gaisuwa a kantin magani su ne a sahun gaba wajen cin abinci.

Yara masu tasowa, ku lura da wannan al'amari da idon basira. Marnie ta yi kuskure sau ɗaya, a ranar da ta bar kunya ta yi godiya a inda ya kamata gaskiya ta yi magana, kuma dabba da yarinya marasa laifi ne suka biya. Amma da ta faɗi gaskiyar, ba ta mai da ita makamin tozarta dattijo ba. Ta ɗauki rabonta na laifi, ta jure wanda ba nata ba, har wanda ya kore ta ya zo da ƙafarsa. Ku kuma manya masu buɗaɗɗen hannu, kafin ku yi alheri ku tambayi wanda za ku yi wa, kuma ku bar wa na ƙasa da ku damar cewa a'a ba tare da ya rasa gurbinsa a wurinku ba.